Uban Sirri da Dubban Baƙinsa

A duk layinmu babu wanda ya kai Uban Sirri sanin darajar sirri, kuma babu wanda ya kai shi son a san haka. Mutum ne mai cikar kamala, mai tumbi daidai misali, wanda ko ashana zai je saya sai ya ɗaura taye a wuya. Ya yi aikin ofis har aikin ya gaji da shi. Ya yi ritaya yana mataimakin mai riƙon muƙamin shugaban ɗakin ajiye fayil. In kana son ganin haƙoransa, ka tsallake kalmomin farko ka ce masa shugaba kawai.

Ana saura kaɗan ya bar aiki aka tura shi wata bita ta yini guda a kan kare bayanan jama'a, saboda wanda ya kamata ya je ɗin yana fama da ciwon haƙori. Ya dawo da takardar shaida, da jaka mai tambari, da kalma ɗaya da ya riƙe gam: kukis. Takardar tana nan rataye a falonsa, a saman hoton aurensu.

Ga wanda bai samu zuwa bita ba, kukis ba abin tashin hankali ba ne. 'Yar alama ce da shafin intanet ke ajiyewa a wayarka, kamar yadda mai wanki ke sa alama a wuyan riga don ya gane mai ita. Wata alamar don shafin ya tuna ka ne in ka dawo, kada ya sake tambayarka ko kai wane ne. Wata don mai shafin ya ƙirga mutanen da suka leƙo, ya bambanta sabon baƙo da wanda ya saba zuwa. Wata kuma ta masu talla ce, waɗanda za su yi ta bin ka daga shafi zuwa shafi da hoton takalmin da ka taɓa kallo sau ɗaya. Shi ya sa shafi ke tambaya kafin ka shiga, ka yarda ko ba ka yarda ba, kuma kana iya yarda da wasu ka ƙi wasu. Iyakar zancen ke nan. A bakin Uban Sirri kuwa ya fi haka tsawo.

"Ku ba ku san abin da duniya ke ciki ba," in ji shi a shagon mai aski, kumfa har kunne. "Leƙen asiri ne tsagwaronsa! Da zarar ka ga shafi ya ce ka yarda, ka kife wayar a kan katifa, ka fita daga ɗakin. Ni ɗin nan da kuke gani, manyan kamfanonin duniya sun daɗe suna son sanin inda na sa gaba. Ba su samu ba, kuma ba za su samu ba."

Da murya mai kaiwa tsallaken titi yake faɗin wannan. Daga nan sai ya ɗora da bayanin basir ɗinsa, da sunan bankin da yake ajiya, da hikimar da ta sa ya zaɓi shekarar haihuwarsa ta zama lambar sirrin katin bankinsa. Ya faɗi shekarar ma, don kada wani ya zaci ya tsufa.

Mutanen layi suka ɗauki wa'azin da hannu biyu. Mai aski, da mai gyaran takalmi, da matan da ke zuwa ɗinki gidansa, kowa ya haddace darasi: in ka ga tambayar kukis, ka ranta a na kare.

Ana nan sai Uban Sirri ya lura cewa layi ɗaya ya yi wa iliminsa kaɗan. Ya sa aka haɗa masa shafin kansa. Akwai sashen tarihin rayuwarsa tun daga yaye. Akwai sashen jawabai, har da wanda ya so ya yi ranar da aka sallame shi daga aiki amma aka ɗauke wuta. Akwai sashen hotuna. A fuskar shafin kuma ga shi nan kansa, ƙato, ya tallafe haɓa yana kallon nesa. Mai haɗa shafin ya sa tambayar kukis kamar yadda ake yi, ya kuma ba shi wani allo na daban inda mai shafi ke ganin yawan baƙinsa.

Ya tura wa kowa adireshin. Kowa ya buɗe, kowa ya ga tambayar kukis, kowa ya kife wayarsa a kan katifa kamar yadda aka koya masa. Ko mutum ɗaya bai wuce bakin ƙofa ba.

Shi kansa tambayar ta ba shi matsala, amma ta wani fanni. Tana fitowa ne a ƙasan allo, ta rufe hoton daga hanci zuwa taye, sai goshi da tabarau kawai ake gani. Wannan kuwa Uban Sirri ba zai jure ba. Don haka ya tsara wa kansa hanya irin ta masana. Zai danna "na yarda" don fuskarsa ta fito. Zai kalle ta har ya ƙoshi. Sannan ya shiga saitin waya ya share kukis kakaf, ya hura allon, ya goge shi da hannun riga, ya yi murmushin wanda ya yi wa manyan kamfanoni wayo.

Mu dai ba mu je bita ba, amma lissafin ba wuya. Duk lokacin da ya share alamar, shafin ya manta da shi. Duk lokacin da ya dawo, shafin ya ga sabuwar fuska, ya ƙara ɗaya a lissafi. Shi kuma sai ya leƙa allon ƙidaya ya ga an ƙaru da mutum guda. Sai ya koma shafin don ya ga abin da ya burge wannan sabon baƙo. Sai ya share. Sai ya leƙa ƙidaya. Af, wani ya sake zuwa! Mai ritaya ne, ba inda za shi, kuma babban yatsansa lafiya lau. Kafin wata ya ƙare baƙi sun wuce dubu.

Allon ba yawa kawai yake nunawa ba, har da halin baƙin. Uban Sirri ya zauna ya yi nazari mai zurfi, ya fito bakin titi da sakamako.

"Abin mamaki," ya ce wa masu jiran mota, waɗanda ba su tambaye shi ba. "Dukkansu daga garin nan suke. Wato na gida ne suka fara gane darajata. Dukkansu irin wayata suke riƙewa, har ƙirar. Wato koyi suke da ni. In na kwanta barcin rana, ko mutum ɗaya ba ya shiga, don kada su dame ni. Wannan ita ce tarbiyya. Ranar da zazzaɓi ya kwantar da ni kuwa, shafin tsit ya yi. Jama'a sun shiga jimami."

Ya ƙara da cewa sashen hotuna ne aka fi ziyarta, amma wannan bai ba shi mamaki ba. Daga ranar 'yan layi suka ƙara masa suna, suka koma kiransa Mai Jama'a. Ya karɓa da tawali'u, ya sa aka buga a katin sunansa da yake raba wa mutane.

Da abin ya tsaya nan, da dariya kawai za mu sha mu wuce. Amma gidan Uban Sirri yana da ɗaki guda mai ƙofa a bakin titi, mai babbar taga, kuma a nan matarsa ke ɗinki. Tela ce ta gaske. A ɗakin keken ɗinkinta yake, da teburin yanka, da madubi mai tsawo, da labulen da mata ke shiga bayansa a gwada su. Fanshon maigida yakan zo ne ranar da ya ga dama, don haka ƙarar keken nan ita ke ɗora tukunya a gidan. Kowa a layi ya san haka in ban da mutum ɗaya. A lokacin kuma ta karɓi ɗinkin kayan makaranta tuli guda, ga hutu ya kusa ƙarewa.

Wata safiya ya tsaya a ƙofar ɗakin, hannu a baya, yana auna bango da ido.

"Maman yara, za a kwashe kayan nan. Jama'ata na buƙatar wurin ganawa da ni."

"Baban yara, kayan makaranta ne a gabana. Ina zan kai keken?"

"Ki daina tunanin allura da zare, ki fara tunanin tarihi."

"To cikin jama'ar nan, ko mutum ɗaya ya taɓa yi maka sallama a hanya?"

"Masu sirri ne irina," in ji shi. "Ranar Asabar za ki gan su da idonki. In ɗakin ya ishe su ma mun gode Allah."

Aka ja keken zuwa lungun da ke tsakanin kicin da banɗaki, inda ko da rana sai an kunna fitila. Teburin yanka bai shiga ba, aka jingine shi a tsaye. Madubi ya koma bayan ƙofa. Mata biyu suka zo gwaji, suka ga inda za a gwada su, suka ce za su dawo, irin dawowar da ba a yi. Matar ta ji zafin abin ƙwarai, har ta yi hawaye a kan rigar ɗan wani. Ni kaina na tausaya mata, don mace ce da ba ta da hayaniya. Ta dai ci gaba da taka keke a duhu allura na sukar ta a yatsa.

Shi kuwa ya shafe ɗakin da fenti, ya kafa allo a ƙofa: Ofishin Ganawa da Jama'a. Ya sa sanarwa a shafinsa cewa ranar Asabar ƙofa a buɗe take. A yinin kaɗai mutane da dama suka karanta sanarwar, kuma duk sun ji daɗinta.

Saura kujeru. Ya nufi kantin magani na ƙarshen layi don ya ara. Mai kantin mutum ne shiru-shiru da Uban Sirri ya daɗe yana yi wa kallon ɗan ƙaramin ɗan kasuwa. Ya tarar da shi yana odar kaya a waya. Ya leƙa ta kafaɗarsa, don masu kare sirri ma sukan leƙa. Abin da ya gani ya ba shi takaici. Shafin dillalan ya gaida mai kantin da sunansa, ya ce masa barka da dawowa, har ya ajiye masa kayan da ya zaɓa jiya bai gama saye ba.

Uban Sirri ya dawo gida ransa a jagule. Mai sayar da maganin tari ake gaisarwa da suna! Shi kuwa, mai shafi sukutum, kullum shafinsa "sannu baƙo" yake ce masa, ya tambaye shi kalmar sirri kamar wani ɗan cirani, har wani lokaci ya ce masa bai yi daidai ba. Ya zagaya falo. Ya tsaya gaban takardar shaidarsa. Sannan ya yanke hukunci, ya je lungu ya sanar da keken ɗinki da mai shi.

"Na yi nazari. Ɓuya ta ƙananan mutane ce. Wanda duniya ta riga ta sani ba ya rufe fuska. Daga yau na daina sharewa."

Ya daina kuwa. Da ya sake buɗe shafin, sai ga shi an rubuta barka da dawowa, da sunansa, da duk muƙaman da ya cika da hannunsa, har layi biyu. Ya kai wa matarsa ta gani. Ya kai wa mai aski. Ya buɗe, ya rufe, ya buɗe, kowane karo ana yi masa barka. Allon ƙidaya kuwa ya yi alkawarin ba zai leƙa ba sai ranar taro, don ya yi mamaki tare da jama'a.

Mako guda bayan haka, Asabar ta zo. Kujerun roba sun cika ɗaki har bakin titi. An ɗauko talabijin ɗin falo an jona da tsohuwar kwamfuta, an lulluɓe da yadin wata da ta kawo ɗinki ba tare da an tambayi kowa ba. Uban Sirri ya sa kwat a cikin zafi.

Mai aski ya zo. Mai kantin magani ya zo don ya sa ido a kan kujerunsa. Maƙwabta kaɗan suka zo da suka ji an ce akwai lemo. Sai kuma babbar yayarsa, tsohuwa mai sanda da kaifin ido, wadda ta goya shi yana jariri kuma ba ta taɓa barin ya manta ba. Tun daga ƙofa ta ɗaga murya: "Auta, wannan rigar ba ta matse ka ba?" Ya yi kamar da wani take.

Aka jira. Aka sha lemo. Aka ƙara jira. Ya ce cunkoson motoci ne, don dubban mutane ba sa isowa lokaci guda. Da lemo ya fara ƙarewa, maƙwabta suka fara kallon ƙofa, sai ya miƙe ya gyara murya.

"'Yan uwa, waɗanda suka iso da waɗanda ke hanya. Akwai masu cewa wai ni wane ne. Ba zan ba su amsa ba. Alƙaluma za su ba su. Na'ura ba ta ƙarya, ba ta son kai, ba ta da dangi. Abin da za ku gani yanzu shi ne adadin mutanen da suka zo neman ilimi a wurina cikin makon nan kaɗai."

Ya fizge yadin.

Allon ya ce baƙon wannan mako guda ɗaya ne. A ƙasa kuma ya ce wannan ɗayan ya dawo sau ɗari da ɗoriya.

Daga lungu ana jin ƙarar keke. Da wani mai ƙaramar zuciya ne, da nan ya zube. Uban Sirri kuwa ya cire tabarau, ya goge, ya mayar, ya kaɗa kai irin na wanda ya daɗe da sanin za a yi haka.

"Maƙiya sun yi aikinsu. Manyan kamfanoni sun toshe wa jama'ata hanya. Amma ku duba! Mutum ɗaya ya tsaya. Bai ji tsoro ba. Safe da yamma yana nan. Wannan shi ne mai hankali, mai zurfin tunani, mai sanin mutane. Wallahi da zan gan shi, da na ba shi kujerata."

"Ga wani ɗigo kore yana motsi," in ji mai aski. "An rubuta wai yana kan shafin yanzu."

"Yanzu? Allahu akbar! Bari in bi shi in ga abin da yake karantawa."

Wayar dama tana hannunsa a buɗe. Ya danna sashen jawabai. Talabijin ya ce baƙo yana sashen jawabai. Ya danna tarihin rayuwa. Baƙo ya koma tarihin rayuwa.

"Kun gani? Tunaninmu ɗaya! Ko'ina na sa ƙafa yana nan."

Ya danna hotuna, baƙo ya bi shi hotuna, suka daɗe a can su biyu. Idanun Uban Sirri suka kawo ruwa. Ya fara yi wa bawan Allahn nan addu'a, shi da iyayen da suka haife shi. Yana tsakiyar addu'ar wayar ta yi ƙara ta mutu, don tun safe ake buɗe ta ana rufewa ba a yi mata caji ba. Jim kaɗan ɗigon ya ɓace.

"Sun kama shi," in ji shi. "Sun kai gare shi."

Mai kantin magani ya miƙa masa caja. Aka jona. Wayar ta farfaɗo, shafin ya buɗe, ya yi wa maigida barka da dawowa. Ɗigo kore ya dawo talabijin, garau da shi.

Yayar ta kalli talabijin. Ta kalli wayar. Ta nuna shi da sanda.

"Auta, kai ne."

"Yaya, wannan fanni ne na masana, ba a..."

"Kashe ta mu gani."

Ya kashe. Ɗigo ya tafi. Ya kunna. Ɗigo ya dawo. Ya sake gwadawa a hankali, ta bayan kwat, ko na'urar ba za ta lura ba. Ta lura.

Mai aski mutum ne mai son fahimtar abu, ba da mugunta ya yi tambayar ba. "Ranka ya daɗe, to dubban nan na watannin baya fa? Masu irin wayarka, masu barcin rana?"

Uban Sirri ya buɗe baki. A karo na farko tun da muka san shi, babu jawabi a ciki. Ya sunkuyar da kai yana kallon babban yatsansa. Wata maƙwabciya ta ƙware da lemo, aka yi ta bubbuga mata baya.

Ƙarar keke ta tsaya. Matar ta fito daga lungu, tef ɗin awo a wuya, yatsa ɗaure da ƙyalle. Ba ta yi dariya ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta dubi kujerun da suka cika ɗakinta, sannan ta dubi mijinta.

"Baban yara, jama'ar taka kujera nawa za su ci?"

Yayar ta amsa masa da yatsa ɗaya.

Ba a ɓata lokaci ba. Mai kanti ya tattara kujerunsa. Mai aski da maƙwabta suka cicciɓo keken suka mayar gindin taga, aka kwantar da teburin yanka, aka kafa madubi, aka ninke yadin mutane. Kafin rana ta yi sanyi ɗinkin makaranta ya ci gaba a cikin haske, ɗakin ma ya samu sabon fenti kyauta. Allon ƙofa kuwa yayar ta cire da kanta, ta kai lungun da ke tsakanin kicin da banɗaki ta rataye, ta sa aka ajiye kujera guda a ƙarƙashinsa.

A nan Mai Jama'a yake ganawa yanzu. Masu wucewa banɗaki sun shaida cewa taro yana cika kullum, kuma ba a taɓa barin kowa a tsaye ba.